Yunifom saiti 400: littafin aiki daga ranar da aka ce in kawo kwoteshan

Litinin, 8 ga Yuli 2024

Da hantsi wani mutum ya shigo shago da ambulan a hannu, yana tambayar mai wurin. Ashe ma'ajin wata makarantar kuɗi ce ta wajen Hotoro, firamare da Islamiyya a haɗe. Telansu na bara ya ba su kunya, yara suka yi sati uku suna zuwa da kayan gida. Yunifom suke so saiti 400: maza 220, riga da wando, mata 180, riga da wando da hijabi. Shago uku suka ba takardar, kowa ya kawo kwoteshan, wato rubutaccen farashin da zai yi aikin, kafin Juma'a 19 ga wata.

Shekara 11 ina ɗinki a Fagge, ban taɓa rubuta kwoteshan ba. Mu dai a zo a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Na karɓi takardar kamar wanda ya saba, na ce in sha Allahu. Yana fita na kira Kawu, wanda ya yi rayuwarsa yana sitokifa a ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya. Ya ce in zo bayan isha'i, kuma in sayi littafi mai bango. Shi ne wannan.

Talata, 9 ga Yuli

Kawu ya karanta takardar sau biyu, ya cire gilashi ya ce, "Ɗana, wannan ba ta gaya maka komai ba. Wane yadi? Wace kala? Bajo a jiki za a ɗinka ko su za su manna? Kai za ka kai musu ko za su aiko mota? Yaushe za su biya?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya ce kada in kuskura in faɗa wa kowa farashi sai an faɗa mini nawa a rubuce.

Na kira ma'aji da safe, ya amsa duka, kuma ya aiko da tsohon saiti ɗaya na maza ɗaya na mata a adaidaita sahu. Na farke su, na auna. A yadi mai faɗin inci 60, rigar namiji tana cin yadi ɗaya da kwata, ta mace ɗaya da rabi, wando ɗaya da kwata, hijabi ɗaya da rabi. Da ɗan ƙarin ɓarnar yanka: yadin riga 570, na wando 525, na hijabi 285. Jimla 1,380.

Laraba, 10 ga Yuli

Wuni guda a Kantin Kwari, kuma kusan a banza. Na shiga shago bakwai da ƙyallen samfur a hannu. Kowa ya kalla ya ce akwai shi, ya faɗi kuɗi. Da na zauna a masallaci bayan la'asar na duba abin da na rubuta, sai na ga lambobi ne kawai a jere. Wani farashin yadi ya ba ni, wani na bandir ba tare da ya ce yadi nawa ne a ciki ba, wani kuma ya ce "kai dai ka zo da kuɗinka, ba za mu ɓata ba." Wannan ta ƙarshen ita ce kwoteshan ɗin Kwari, kuma a cinikin yadi goma tana wadatarwa. A yadi dubu da ɗari uku ba ta isa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ƙanena ya buga mini 'yar takarda a kwamfuta. Shafi ɗaya: irin yadin, adadin kowanne, sannan gurbin da za a cike da farashin yadi ɗaya, faɗinsa, yadi nawa ne a bandir, kwana nawa farashin zai tsaya, da ko akwai kayan a sito yanzu. Na manna ƙyalle uku a ƙasan kowace. Na kai wa mutum huɗu a Kwari, ta biyar na aika wa wani kamfani a Sharaɗa.

Wani Alhaji ya juya takardar yana dariya, ya ce, "Malam, kwangilar gwamnati ka samu?" Na ce a'a, ranka ya daɗe, tsoro na samu.

Asabar, 13 ga Yuli

Uku sun cike, ɗaya ya ce shi ba ya sa hannu a takardar da ba kuɗi a kanta. Ban ga laifinsa ba.

Ga abin da ya kusa kai ni ƙasa. Alhajin da muka daɗe muna hulɗa ya rubuta yadin riga N2,300, na wando N2,600, na hijabi N1,700. Wani matashi kuma ya rubuta yadin riga N1,850. Zuciyata ta tafi wurinsa nan take, har na fara lissafin sauƙin N450 sau 570. Sai na lura gurbin faɗi bai cike ba. Na koma da tef ɗina a aljihu, na ce a sauko da bandir ɗaya. Yaron shago ya warware, na ɗora tef daga baki zuwa baki: inci 45. Zanen iri ɗaya, kala iri ɗaya, a hannu ma ba za ka bambance ba, amma kwata na faɗin babu. Abin da yadi 570 mai inci 60 zai fitar, sai yadi 760 na wannan. A N1,850 ya kama N1,406,000, alhali na Alhaji N1,311,000 ne. Wato mai arahar ya fi tsada da N95,000, ban da wahalar mai yanka.

Ba na cewa yaron ya yi niyyar cuta. Na tambayi kuɗin yadi, ya faɗa. Da ban tsaga gurbin nan a takarda ba, ni ma ba zan tuna in tambaya ba.

A gurbin kwana, Alhaji ya rubuta 7. Na ce ya ƙara. Ya nuna mini hanyar Wapa da haɓarsa ya ce, "Je ka tambayi 'yan canji ko za su riƙe maka dala wata guda." Dala tana wasa tsakanin dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa da ɗari shida, kayan kuma daga waje suke zuwa.

Litinin, 15 ga Yuli

Kamfanin Sharaɗa ya turo nasa ta WhatsApp, takarda mai kan kamfani da hatimi da lamba, gwanin sha'awa. Yadin wando kawai suke da shi: N2,780. Na ce ai ya fi na Kwari tsada, zan ajiye. Ƙanena ya ce, "Yaya, duba, mita suka rubuta." Mita ta fi yadi tsawo da inci uku da 'yan kai, yadi 525 mita 480 ne. Ya zama N1,334,400, ƙasa da N1,365,000 na Alhaji. Na fara murna. Can ƙasan takardar da ƙananan baƙaƙe an ce farashin bai haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ba. Da shi ya koma N1,434,480, kuma ni zan ɗauki mota in je in ɗauko. Takarda ɗaya ta yi tsada, ta yi araha, ta sake yin tsada cikin minti goma.

Na tsaya kan Alhaji a duka uku: N3,160,500.

Talata, 16 ga Yuli

Mai monogiram, wato mai ɗinka bajo da inji, ya turo saƙon murya, bajo N350 ɗaya. Na rubuta N140,000. Zare, maɓalli, roba da zif na zagaya Sabon Gari na ƙiyasta N190,000.

Alhamis, 18 ga Yuli

Mun zauna da Kawu da ƙanena har sha ɗayan dare. Kuɗin teloli N1,500 saitin namiji, N2,000 na mace, ya kama N690,000. Fetur ɗin janareta, wuta da guga N200,000. Leda, dako da mota N60,000. Duka kuɗin da zan kashe N4,440,500. Na sa saitin namiji N12,000, na mace N15,500, jimla N5,430,000. Riba kusan miliyan guda a takarda.

Kawu ya sa aka ƙara abubuwan da ni ba zan tuna ba: lambar rajistar CAC, hukumar rajistar kasuwanci, da na yi a 2021, lambar TIN ta biyan haraji, asusun banki na sunan shago ba nawa na kaina ba, kafin alƙalami kashi 60, ragowar ranar da aka kai kaya, da cewa yadi da kala za su zama daidai da samfurin da aka manna. Batun VAT na tambayi wani abokina akanta, ya ce wanda cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba ba ya karɓa, don haka ban sa ba.

Inda muka yi gardama shi ne kwanaki. Takardar makaranta ta ce farashi ya tsaya kwana 30. Kawu ya ce in rubuta 7 kamar na Alhaji, ko in ƙara layi cewa in yadi ya tashi za a sake zama. Na ce in na yi haka za su ga kamar ina shirya musu wata maganar, su ba wani. Ya ce, "To, kai ne mai shago." Na rubuta 30.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na kai kafin masallaci. Ambulan a rufe, ma'aji ya sa hannu a kwafina.

Laraba, 24 ga Yuli

Shiru. Kwana bakwan Alhaji sun ƙare tun Asabar.

Juma'a, 26 ga Yuli

An kira ni. Hajiya mai makarantar ce da kanta, da ma'aji a gefe. Ta ce nawa ne na tsakiya, akwai wanda ya fi ni sauƙi da N1,500 a kowane saiti. Na roƙi alfarma in ga samfurin da ya manna, ba farashinsa ba. Aka ba ni. Na ɗaga shi a hasken taga, ana hango yatsuna ta ciki. Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, wannan wanki biyar ne." Ta karɓa ta murza, ba ta ce komai ba, ta ajiye. Sai ta ce in rage. Muka ja har muka tsaya kan N11,500 da N15,000, jimla N5,230,000.

Na miƙe zan fita sai ma'aji ya ce, "Ka san dai za mu cire kashi 5 na harajin da ake riƙewa ko?" Ban sani ba. Ban taɓa jin sa ba. Ya ce su doka ta ɗora wa su cire daga kuɗin ɗan kwangila su kai wa hukumar haraji, su ba ni takardar shaida. N261,500 ke nan. Da na gaya wa Kawu ya dafe kai ya ce laifinsa ne, abin da ya fi kowa sani shi ya manta. Riba ta sauko daga kusan miliyan zuwa N528,000 ban ma taɓa almakashi ba.

Talata, 30 ga Yuli

LPO ta fito, takardar odar da suka sa wa hannu da hatimi. Ranar kai kaya 5 ga Satumba. Kafin alƙalami N3,138,000, an ce jibi. Na kira Alhaji, ya ce farashi bai motsa ba tukuna, amma in hanzarta.

Alhamis, 1 ga Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa. Ban buɗe shago ba. Kafin yamma gari ya rikice, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. Ba banki, ba kasuwa, ba alat.

Lahadi, 4 ga Agusta

A gida. Ma'aji ya ce Hajiya ce ke sa hannu a fitar kuɗi, sai komai ya lafa.

Laraba, 7 ga Agusta

An sassauta doka, ana fita da rana. Alat ya shigo ƙarfe goma, kafin sha ɗaya ina Kwari.

Yadin riga N2,450, na wando N2,750. Na hijabi ne kawai yana nan. Na fito da takardar da ya cike, ya karɓa ya ɗora yatsa kan 7 ɗin da ya rubuta da hannunsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, yau kwana 25. Da a ce cikin kwana bakwan ne, wallahi ko faɗuwa zan yi sai na ba ka." Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ƙarin N150 a yadi 1,095, N164,250. Ni kuma takardata ta ɗaure ni kwana 30, har ma na rage a kanta. Na tsaya a bakin shago 'yan dako suna bangaje ni da diloli, ina jin muryar Kawu yana cewa kai ne mai shago.

Na gwada kiran ma'aji. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ma ya tausaya, amma an riga an sanar wa iyayen yara kuɗin yunifom bisa farashina.

Yanzu yadi duka N3,324,750, kuɗin hannuna bai kai ba. Na ɗauki na riga da na hijabi gaba ɗaya, na wando 400, na bar 125 sai kwasar adashena ta zo. Na biya N2,981,000, saura N157,000 na zare da maɓalli. Na ce Alhaji ya ajiye mini sauran, ya ce ba damuwa, shuɗin nan ba ya yankewa.

Asabar, 10 ga Agusta

Mai monogiram ya ce N450. Na kunna masa muryarsa. Ya saurara ya ce, "Haka na ce, amma ai farashin dubu ne. Ka ce mini ɗari huɗu?" Na nemi saƙona na baya: "Nawa kake yin bajon makaranta?" Iyakar abin da na tambaya ke nan. Shi kaɗai ne ban kai wa takarda ba, don na raina kuɗin. N40,000.

Litinin, 12 ga Agusta

An fara yanka. Keke tara, wibin ɗaya. Na ari N400,000 wurin Yaya don in riƙa sallamar teloli duk Alhamis.

Asabar, 17 ga Agusta

Rigunan maza 220 sun fita. Ba wuta tun shekaranjiya, janareta ke aiki.

Laraba, 21 ga Agusta

Wandunan maza sun kammala, na mata 85. Ruwa ya hana teloli biyu zuwa.

Asabar, 24 ga Agusta

Adashe ya zo, na je ɗauko yadi 125. A cikin shagon Alhaji, ƙarƙashin farin ƙwai, shuɗi ne kamar wancan. Sai da aka shimfiɗa a teburin yanka kusa da ƙofa, mai yankana ya ɗauko guntun tsohon ya ɗora a kai ya ce, "Oga, zo ka gani." Na farko shuɗi ne mai duhu kamar baƙi. Wannan ya ɗan ja zuwa ruwan bula. Lamba ɗaya, kamfani ɗaya, amma ba rini ɗaya ba ne. Yaron shagon ya sayar da ragowar wancan tun makon jiya, aka buɗe sabuwar dila. Ajiyar da na yi ta baka ce, ban ba da ko sisi a kanta ba, ba kuma wanda ya rubuta sunana a jikin bandir.

Na yi yammacin ina yawo a Kwari da ƙyalle, 'yan kamasho biyu suna gabana. An samu yadi 30 na tsohon rinin a N3,000. Ba zai kai ni ko'ina ba, na bari.

Litinin, 26 ga Agusta

Teloli sun ce in ɗinka in cusa a tsakiyar leda, wa zai duba wando 400. Na yi tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma ni na rubuta "daidai da samfur" na sa hannu, kuma kashi 40 na kuɗina yana hannunsu. Ranar asambili yara suna jeruwa a rana za a gani.

Na ɗauki ƙyalle biyu na tafi. Hajiya ta fito da su tsakar makaranta ta duba. Ta tambaya na waye suka rage. Na ce na mata 95. Ta ce rigar mata har gwiwa take, ga hijabi, abin da ake gani bai fi taƙi ɗaya ba. In yi su duka wa 'yan aji ɗaya da biyu, kada a gauraya a aji guda, in kuma rage N200 a kowanne. N19,000. Ma'aji ya rubuta a bayan LPO, muka sa hannu mu biyu. Da a ce na maza ne suka rage, da wani labarin ake.

Juma'a, 30 ga Agusta

Hijabai sun ƙare. Saura guga da bajo.

Talata, 3 ga Satumba

An ƙara kuɗin fetur yau, daga ɗari shida da wani abu zuwa sama da ɗari takwas a gidajen man NNPC, a bakin titi kuwa ba a magana. Ya same ni a kwana biyun guga. Da shi da rashin wutar watan jiya, kuɗin mai ya zarce lissafina da N45,000.

Alhamis, 5 ga Satumba

An kai. Kowane saiti a ledarsa da lambar aji. Ma'aji ya ƙirga da malamai biyu, awa uku, 400 cif. Ya sa hannu a takardar karɓar kaya. Ragowar kuɗi "mako mai zuwa", ko da yake takarda ta ce ranar kai kaya. Ban ja ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

N1,811,500 ya shigo. Na mayar wa Yaya kuɗinsa, na cike wa teloli, na mai da na adashe. Abin da ya zauna mini N259,750, aikin wata biyu. Wasu kayan Sallah sun fi shi. Sai dai teloli tara sun yi aiki a watan da aka saba zaman kashe wando, kuma akwai ragowar yadin riga kusan 20. Takardar shaidar harajin nan ba ta fito ba, akanta ya ce kada in bar ta, ana rage ta daga harajina na shekara.

Asabar, 14 ga Satumba

Ma'aji ya ba wani abokin aikinsa lambata, wata makaranta a Rijiyar Zaki, kayan wasanni saiti 250. Na ce su aiko samfur da adadin kowane aji. Sabuwar takardar neman farashi tana da gurbi uku da ba su cikin ta farko: yadi ko mita, da VAT ko babu, da ko duka kayan daga dila ɗaya za su fito. Mai monogiram ma za a kai masa tasa, da 250 a rubuce da manyan lambobi.

A tawa kuma zan sa kwana 7, in an wuce a sake duba kuɗin yadi, kafin alƙalami kashi 70, kuma in ɗora kashi 5 ɗin nan tun a lissafi. Na faɗa wa mutumin batun kwana bakwai ta waya, ya ce kwamitinsu sau ɗaya yake zama a wata. Litinin zan je wurin Alhaji in ji ko in na ajiye masa N200,000 zai rubuta mini 21.